Gaya wa Naka Gaskiya Kan Yaƙi Ba Cin Amana Ba Ne



Har yanzu akwai masu cewa duk ɗan siyasar da ya soki shugaban da suke jam'iyya ɗaya a bainar jama'a maci amana ne. Ni ban yarda ba, balle a maganar yaƙi.

Mu tuna 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu ECOWAS, ƙarƙashin Shugaba Tinubu, ta ba su wa'adin mako guda, ko su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Su wa suka taka birki? Har da 'yan gida. Majalisar Dattawa, inda APC ke da rinjaye, ta ce a bi hanyar sulhu. El-Rufai, wanda ya yi wa Tinubu kamfen, ya ce yaƙi ne tsakanin 'yan uwa. Da sun kama bakinsu don gudun a ce sun yi zagon ƙasa, jihohi bakwai masu iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, su za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Mu a Mando yaƙi ba labarin rediyo ba ne. Ga sansanin sojan sama, ga NDA a Afaka. Sojan da za a tura maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke sallah. Kuma mun ga abin da kuskuren jirgi marar matuƙi ya yi wa masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023.

Za a ce ai nasiha a ɓoye ake yi. Haka ne, in laifin tsakaninka da mutum ne. Amma shawarar da aka shelanta wa duniya, wadda jinin 'ya'yan talakawa zai biya, a fili ake ƙinta. A Ingila, Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Tony Blair a 2003 saboda yaƙin Iraƙi. Makaman da aka fake da su ba a same su ba. Yau wa ke jin kunya?

Ba juyin mulki nake karewa ba. Cewa nake abokin da ya ga ka nufi rami ya ci gaba da tafa maka, ɗan amshin Shata ne. Wanda ya riƙo rigarka, ko da ta yage, shi ne naka.

Allah Ya ba shugabanninmu masu gaya musu gaskiya, Ya ba su kunnen ji.