Gargaɗi A Kan Farcen Tsofaffi

Da sunan Allah. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani farcen tsoho shi ne shaidar mai jinyarsa. Ana iya sa masa farar riga ranar da baƙi za su zo, amma farce ba ya ɓoye sakacin wata biyu.

A ƙasar Amurka akwai gidaje inda ake jinyar tsofaffi waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Da kuka ya yi yawa a kan wulaƙancin da ake yi musu, majalisarsu ta kafa doka a shekarar 1987. Wanda ba ya iya tsabtace kansa, wajibi ne gidan ya yi masa wanka da gyaran jiki da tsabtar baki. Masu dubawa kuma suna shiga ba da sanarwa ba.

Mu kuwa galibin tsofaffinmu suna cikin gidajenmu, ba mai duba mu sai Allah. Kun karanta cewa yanke farce yana cikin fiɗira, kuma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa kada a bar shi ya wuce kwana 40. To, tsohon da idonsa ya dushe, hannunsa na rawa, ba ya kai wa ga ƙafarsa, wa zai yi masa in ba 'ya'yansa ba?

Kada wani ya ce abin ƙarami ne. Dauɗar ƙarƙashin farce tana bin lomar tuwo zuwa ciki. Susa da dogon farce tana yage fatar tsoho, ƙazwa kuma ta yaɗu. Mai ciwon sukari sau da yawa ba ya jin ƙafarsa. Ɗan rauni ya zama gyambo, har a kai ga yanke ƙafa.

Saboda haka a nemi izininsa tukuna, don girmansa. A yanke bayan wanka, sa'ad da farce ya yi laushi, a miƙe, kada a sassaƙe gefe ya shige nama. A tsane tsakanin yatsu. A keɓe masa kayan yankansa, domin almakashin da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko ciwon hanta. Mai sukari kuwa, ma'aikacin asibiti ya duba ƙafarsa.

Malamai su faɗi wannan a majalisinsu, almajiri kuma ya duba hannun kakansa kafin Juma'a. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.