Makaɗin da Doka ta Hana Shi Kiɗa a Rediyonsa

A farkon shekarun 1960 wani yaro da iyayensa suka ƙaura da shi zuwa birnin New York ya tsinci kansa ba aboki ba abokin wasa. Wata rana ya hangi doguwar eriya a saman wani gini, ya bi wayarta har ƙofar mai ita, ya ƙwanƙwasa. Mutumin ya shigar da shi, ya nuna masa na'urar da yake hira da mutanen nesa da ita. A 1961 yaron ya ci jarrabawa ya karɓi lasisin rediyon masu sha'awa. Sunansa Joe Walsh, wanda aka haifa a 1947, ya kuma shiga ƙungiyar mawaƙa ta Eagles a 1975 a matsayin makaɗin jita, shekara guda kafin fitar kundinsu Hotel California. Duk shaharar da ta biyo baya ba ta raba shi da rediyo ba. Lambar kiransa WB6ACU sananniya ce a tsakanin masu wannan harka.

Rediyon masu sha'awa ya bambanta da gidan rediyon da ake saurara. Hukuma ce ke ware wasu zanguna, ta ba mutum lasisi da lambar kira bayan jarrabawa, shi kuma ya kafa na'urarsa a gida ya yi magana da takwarorinsa. Wanda ya taso yana murɗa akwati don kama BBC Hausa a gajeren zango ya riga ya san sirrin abin. Igiyar rediyo na tashi sama, ta ci karo da wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, ta dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Da haka mutum a ɗakinsa zai iya gaisawa da wani a wata nahiya ba tare da layin waya ko intanet ba.

Abin da ya fi jan hankali a labarin Walsh yana cikin dokar harkar. Ƙa'idojin hukumar sadarwa ta Amurka sun haramta watsa kiɗa a zangunan masu sha'awa, sun kuma haramta amfani da su don neman kuɗi. Ke nan mutumin da jama'a ke biyan kuɗi don su ji jitarsa, idan ya zauna gaban na'urarsa ba shi da izinin kaɗa ko tsirkiya ɗaya. A al'adar masu harkar, sunan farko da lambar kira kawai ake faɗa. Ana tambayar juna ƙarfin sigina, irin eriya da yanayin gari. Manomi da likita da tauraron mawaƙa duk matsayinsu ɗaya. Marigayi Sarki Hussein na Jordan ma da lambar JY1 yake shiga a yi hira da shi.

Wannan shi ne darajar abin, kuma zamanin nan na neman mantawa da ita. Yau nasihar da ake yi wa matashi ita ce duk abin da ya iya ya mayar da shi hanyar samu: mai son girki ya buɗe shafi, mai raha ya fara tara mabiya. Neman halal ba abin zargi ba ne. Sai dai wanda duk abin da yake so ya koma kasuwa, ba shi da sauran wurin hutawa. Sana'ar waƙa kuwa ta fi kowace iya cinye mai ita, domin abin sayarwar shi ne mutumin kansa, da muryarsa da fuskarsa da sunansa. Walsh ya sha faɗin yadda shaye-shaye ya kusa halaka shi kafin ya rabu da shi a farkon shekarun 1990. Rediyo ba magani ba ne, amma mutum irin wannan yana buƙatar ɗakin da za a karɓe shi ba don tafi ba.

Duk da haka, abin da aka yi don so ya yi wa sana'ar rana. Walsh ya saka saƙon Morse a cikin kundinsa Barnstorm na 1972, yana kiran jama'a su yi rajista su kaɗa ƙuri'a. Amininsa Bob Heil, wanda ya rasu a 2024, shi ma ɗan rediyo ne mai lamba K9EID, kuma shi ya ƙera masa a 1973 na'urar da ke tura sautin jita ta bututu zuwa bakin makaɗi, har a ji kamar jitar na magana. Sanin waya da sauti da su biyun suka samo daga rediyo shi ne ya shiga dandalin waƙa. Ba su nemi ribar ba, ita ce ta same su a hanya.

Mai suka zai ce wannan wasan masu hali ne, kuma wayar hannu ta riga ta kashe shi. Akwai gaskiya a zancen kuɗi, domin na'ura da eriya ba su da arha. Zancen mutuwa kuwa da sauran magana. A 2017 da guguwar Maria ta rushe turakun sadarwa a Puerto Rico, ƙungiyar ARRL, wadda aka kafa tun 1914, ta tura masu sha'awar rediyo su taimaka wa ƙungiyar agaji ta Red Cross wajen isar da saƙonni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Walsh ba shi kaɗai ba ne a cikin mawaƙa. Ronnie Milsap, makahon mawaƙin nan na Amurka, da marigayi Chet Atkins, gwanin jita, duk sun riƙe lasisi. Mutanen da ke cin abinci da sauti sun zaɓi wani lungu na sautin da ba a biyan kowa a cikinsa, suka riƙe shi shekara da shekaru. Ya kamata mai kowace sana'a ya tambayi kansa ko yana da irin wannan lungu, kafin kasuwa ta shigo ta saye shi.