Hilux ba jaki ba ce: a daina ɗaura mata tirelar da ta fi ƙarfinta

Jama'a, akwai wata magana da ta zama kamar karatu a tashoshin Arlit da Agadas: wai "Hilux ba ta gajiya". Da wannan maganar ake ɗaura mata tirela mai tankin ruwa, ko janareto, ko injin niƙa dutse na masu zinariya, a cika bayanta da buhuna, a ɗora mutane a kan buhunan, a nufi Assamakka. Ƙarya ce wallahi. Ƙarfe ma yana gajiya, kuma ranar da ya gaji a wannan hanya, ba mai motar da ke zaune a inuwa ne zai ɗanɗana ba, direba da yaron mota da fasinja ne.

To mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya son kai. Kamfanin Toyota ya ce Hilux ta zamani mai gazuwal tana iya jan kilo 3,500, amma fa sai tirelar tana da birkinta. In babu birki, kilo 750 ne iyaka. Tirela nawa cikin waɗanda masu walda ke haɗawa a unguwa ke da birki? Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 3,000 tan uku ke nan, ba a ma sa nauyin ƙarfen tirelar ba. Bayan motar kuwa kusan tan ɗaya yake ɗauka, kuma nauyin da kan tirela ke dannawa a kan ƙugiya daga cikin wannan tan ɗin ake cire shi. Sannan duk waɗannan lambobi na kwalta ne. Daga Arlit zuwa Assamakka kusan kilomita 200 ne, rairayi na riƙe taya, kuloci na ƙonewa, inji na zafi, sifirin na karyewa.

Kar wani ya ce lalacewar mota ƙaramin abu ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Babu wanda ya harbe su. Motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, samarinmu na Facebook da TikTok masu cewa maganin abin shi ne a sayo ƙatuwar Ford ko RAM ta Amurka. Haba ɗan'uwa! Ƙarfin ja tana da shi, ba musu. Amma injinta kwamfuta ke tafiyar da shi, kuma ba ya jure gazuwal ɗin jarka mai ƙura. In ta tsaya a tsakiyar sahara, wane makanike zai buɗe ta? A wane shagon Akokan za ka samu kayan gyaranta? Ba banza ba direbobin hamada suka riƙe Land Cruiser 79: shasinta ya fi kauri, tsohon injinta mai lita 4.2 kowane gareji ya san shi. Ita ma ɗin tana da iyaka. Kayan da ya haura tan uku da rabi aikin babbar mota ne, a yi hayarta kawai.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Tun da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, samari da dama sun koma ga tuƙi da jigilar kaya, kowa na neman sawu ɗaya ya yi aikin sawu biyu. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Sai dai araha ba ta ado: kuɗin da ka tsira da shi wajen sayen ƙaramar mota, shi za ka zuba wa kuloci da giya, in ma Allah ya sa an dawo da rai.

Don haka, kai mai shirin saye, auna tirelarka cike da kaya kafin ka zaɓi mota, ka karanta lambobin nauyin da ke jikin motar, ka sa wa tirela birki. Ku shugabannin tasha, ku hana motar da ke jan tirela ɗaukar fasinja a baya. Masu shingayen bincike kuma, bayan takardu, ku duba ƙugiya da birki da yawan ruwan sha kafin mota ta bar Arlit. Kai kuma fasinja, in ka ga bayan mota ya durƙusa tun a tasha, sauko ka jira wata.