Daga Jirgin Roba na Shizuoka Zuwa Motar Kara ta Kura

A birnin Shizuoka na ƙasar Japan akwai wata sana'a da za ka ɗauka wasan yara ce, wato haɗa ƙananan samfuran jiragen ruwan yaƙi da roba. Kamfanin Tamiya, wanda ya fara da harkar katako a 1946, ya fitar da samfurinsa na roba na farko a 1960. A 1971 kuma ya haɗu da Aoshima da Hasegawa da Fujimi suka amince da ma'auni guda: a rage kowane jirgi sau 700. Jirgin yaƙi irin Takao, mai tsawon kimanin mita 200, sai ya koma ƙasa da santimita 30 a kan tebur, amma kowace bindiga da kowane bene yana mazauninsa daidai.

Waɗannan jirage sun yi ɓarna a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ba yabonsu ne ya kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tarbiyyar da ma'auni ke yi wa mai haɗawa. Dole ya karanta zane, ya auna, ya lissafa, ya yarda cewa kuskuren milimita ɗaya a hannunsa kimanin kamu ɗaya da rabi ne a jikin jirgin gaske.

Wannan baiwa ta hannu muna da ita. Duk wanda ya bi ƙauyukan Kura da Bunkure bayan girbi ya ga yara suna ƙera mota da karan dawa, ko tarakta da gwangwani da tayoyin tsohon silifas. Ido ne kawai ma'auninsu. Da zarar yaro ya shiga aji sai mu raba shi da karansa, mu miƙa masa lissafin da bai taɓa ganin amfaninsa ba.

Alhali abin da ya fi cancanta a yi wa samfuri yana bayan gidansu. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana isowa gonakin Kura da Bunkure da Kadawa ta hanyar gangara, daga babbar magudana zuwa rassanta, har zuwa fadamun shinkafa da alkama da tumatir. Ina ganin ya dace makarantun sakandaren yankin su sa ɗalibai su gina samfurin sashen da ke kusa da su, da laka da kara da roba. A ma'aunin 1 cikin 1,000, hekta guda santimita 10 ce kowane gefe. A zuba ruwa, a toshe reshe ɗaya da ciyawa, su gani da idonsu yadda manomin da ke ƙarshen layi ke kwana da ƙishirwa yayin da na farkon layi ke ambaliya. Gani ya kori ji.

Za a ce makarantun da ba su da kujeru ina su ina wannan? Amsar ita ce laka da kara ba saye ake yi ba. Abin da ake buƙata shi ne magwaji, da taswirar sashe daga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da malami mai haƙuri.

Magudanan nan sun kusa shekara hamsin, kuma masu gyara su gobe suna cikin yaran da ke jan motar kara a yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.