Ciwon suga: Magani ya yi tsada, nas-nas na ficewa, wa zai yi jinyar iyayenmu a kudu?

Ranar da aka sauko da mahaifina daga tirela a mahaɗar Dikko, kusa da nan Suleja, warin ƙafarsa ne ya riga sallamarsa isowa gare ni. Kwana goma sha ɗaya kafin nan wani bijimi ya taka shi a kara, can Legas. Bai ji zafi ba. Sai da dare da ya cire takalmi ya ga jini, ya sa tsumma ya ɗaure, gari na wayewa ya koma ciniki. Da ƙafar ta kumbura, wani ya ce daji ne, kada a kuskura a yi masa allura. Wani ya kawo garin magani aka barbaɗa. Da zazzaɓi ya kwantar da shi sai abokan arziki suka yi karo-karo, aka sa shi a motar da ta sauke shanu za ta koma gida. Kwana biyu yana hanya, ta Ilori, Jebba, Mokwa, Bida, Lambata.

A asibiti wata nas ta soki ɗan yatsansa, ta duba na'ura, ta ɗago ta kalle ni. Sugan ya haura 400. Ta ce, "Baba, tun yaushe aka gaya maka kana da suga?" Ya yi shiru, can ya ce shekara uku. Wallahi a gidanmu babu wanda ya sani, har mahaifiyata. Ya sha magani na wani lokaci, da kuɗin ya fara yawa kuma ya ji jikinsa garau, sai ya ajiye. Yatsu biyu aka cire masa, muka sayar da bijimai biyu. Mun gode Allah da ƙafar ta tsira.

Na kawo wannan labari ne saboda na san a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Sabon Ibadan, Akinyele, Shagamu, Lokpanta, Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal akwai irin Baba da yawa. Dattijo ya bar iyali a gida, yana kwana a shago ko ɗakin haya, abincinsa a wurin mai shayi da mai tuwo. Idan ciwo ya zo, babu mai lura da shi.

Me ya sa abin ya yi ƙamari yanzu?

Ciwon suga ya daɗe, amma yawansa ƙaruwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ɗauke da shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya, a ƙiyasinta na 2021, ta ce manya kusan miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Zancen cewa ciwon masu kuɗi ne ya wuce. Mai tura baro ma yana kamuwa.

Sai kuma kuɗi. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzarwa wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Allurar insulin daga waje ake shigo da ita, haka yawancin na'urorin gwaji da tsinkensu. A watan Agusta 2023 kamfanin GSK ya sanar zai daina harkarsa kai-tsaye a Najeriya, a Nuwamba kuma Sanofi, mai yin insulin ɗin Lantus, ya ce zai miƙa rabon magungunansa ga wani dillali. Duk wanda ke zuwa kemis ya san abin da ya biyo baya. A watan Yuni 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani, to amma ni dai a kemis ɗin unguwarmu ban ga farashi ya dawo inda yake ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, shi ma ga mai aikin albashi. Falke da mahauci da mai gadi fa?

Abin da ke faruwa shi ne mutum ya riƙa shan ƙwaya yau, gobe ya tsallake, ko ya raba allurar wata ɗaya ta kai shi wata biyu. Shi kuwa suga ba ya ihu. A hankali yake cin ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa Baba bai ji takun bijimi ba, jijiyoyin sun riga sun mutu.

Masu jinyar ma tafiya suke yi

Wata biyu da na yi ina kwana a gindin gadon Baba sun nuna mini wani abu. Likita zai zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Wadda ke wanke gyambon, ta gwada suga, ta yi allura, ta lura idan jiki ya canza da tsakar dare, nas ce. Ita ce kuma ta zaunar da ni ta koya mini abin da zan yi idan mun koma gida.

To su ɗin ne ke barin ƙasar. A watan Fabrairu 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas fiye da 42,000 sun fice cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Yawanci Ingila, Amurka, Kanada da Saudiyya suke nufa. A ranar 30 ga Yuli 2025 ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata, ta janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati. Ni ba na ganin laifinsu. Na ga dare ɗaya da nas biyu ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya, ga babu wuta, da fitilar waya ake neman jijiya.

Ma'anar wannan a gare mu ita ce, rabin jinyar ta dawo hannunmu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Saboda haka bari in faɗi abin da Sista ta koya mini. Ni ba likita ba ne, sakandare na gama, kuma wannan ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba.

Abin da mai jinya ya kamata ya sani

Na farko, alamomi. Yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama alhali ana cin abinci, kasala, gani dishi-dishi, ciwon da ya ƙi warkewa, ƙafa ta riƙa dindiris ko zugi. Wanda ya ga haka ya je a gwada shi da safe kafin ya karya. Idan ya kai 126 ko ya wuce, aka sake gwadawa aka ga haka, to suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu 7 ne daidai da 126, don haka ka tambayi irin taka.

Na biyu, faɗuwar suga. Wannan ta fi saurin kisa, kuma ita mutanenmu suka fi jahilta. Mai allurar insulin, ko mai shan irin su glibenclamide, idan ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya yin ƙasa da 70. Za ka ga gumi, rawar jiki, yunwa, faɗa ba dalili, ko surutai kamar mai aljanu. Idan yana iya haɗiya, a jiƙa sukari cokalin shayi uku a ruwa, ko a ba shi rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti. Baba yanzu ba ya fita sai da sukari mai ƙwaya a aljihu.

Na uku, ƙafa. Kullum a duba ta, har tsakanin yatsu da tafin. Alwala sau biyar dama ce, bayan an wanke a goge tsakanin yatsu su bushe. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ballantana a kara inda ƙusa, waya da kashin shanu suke. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi ko ya kanga ta a garwashi lokacin hunturu, zai ƙone bai sani ba. Masu yankan farce da ke yawo da reza a kasuwa, a haƙura da su. Kowane irin rauni, komai ƙanƙantarsa, a kai asibiti a ranar. Maganar wai daji ba ya son allura ita ta cinye wa Baba yatsu biyu.

Na huɗu, abinci. Sista ba ta hana Baba tuwo ba, rage malmala ta ce, a yawaita miyar ganye, zogale, kuɓewa, wake, kifi. Teba, sakwara, shinkafa, burodi, duk suna komawa suga a jiki, yawan da aka ci shi ne magana. Acca ma da ake yabo, idan ka cika kwano za ta ɗaga shi. Zuma, rake da dabino mai yawa duk zaƙi ne. Babban abokin gabarmu a kudu shi ne shayi mai kauri da sukari cokali huɗu da rabin burodi safe da dare, da lemon kwalba a tsakiyar rana. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa sha ba.

Na biyar, ajiyar allura. Insulin ɗin da ba a buɗe ba wurinsa firji, amma kada ya daskare. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kamar mako huɗu idan ba a bar shi a rana ba. Wani bincike da Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin na riƙe ƙarfinsa mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Mu a gida cikin roba mai murfi muke sa shi, mu ajiye a gindin randa. Abin da zai lalata shi shi ne gaban mota ko aljihu a tsakar rana.

Na shida, azumi. A ga likita tun Sha'aban don a gyara lokacin magani. Gwajin ɗan yatsa ba ya karya azumi. Idan suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, likitoci sun ce a sha ruwa, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Me za mu iya yi a zango?

Gwamnati na da nata. Dokar inshorar lafiya da Buhari ya sa wa hannu a Mayu 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma je ka kara ka tambayi mutum goma, ka ga nawa ke da kati. Legas na da Ilera Eko, Oyo na da tata hukumar, mu a Neja muna da NiCare. Shugabannin kasuwa su gayyato jami'an nan, a yi rajista a ƙungiyance, kuma a tambaye su ƙarara wane maganin suga ne ke ciki, wanne ne ba ya ciki, kafin a biya.

Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Muna da Sarkin Hausawa, Sarkin Fawa, shugabannin kara da limamai. Muna tara kuɗi idan an kama ɗan'uwa, muna tara na motar gawa. Me zai hana a ware wani abu kaɗan daga la'adar kowace saniya a sayi na'urar gwaji da tsinke, a ajiye a ofishin kasuwa ko masallaci? A samu nas, ko cikin 'ya'yanmu ko cikin 'yan gari, a riƙa biyanta ta zo sau ɗaya a wata ta gwada suga da hawan jini, ta koya wa samari biyu ko uku yadda ake yi. Kuɗin wannan na shekara bai kai bijimi ɗaya ba. Mu biyu muka sayar a kan ƙafa ɗaya.

Sai ɗabi'ar nan ta "a kai shi gida". Na san niyyar alheri ce, kowa na son ya yi jinya a gaban iyalinsa. Amma likitan da ya duba Baba ya ce kwanakin da aka ɓata, da kwana biyun nan na mota, su suka ba ciwon dama. LUTH a Idi-Araba take, a tsakiyar mutanenmu. UCH na nan Ibadan, ba nisa da Sabo. A fara kai mutum asibitin da ke kusa, a tsayar da ciwon, sannan a yi zancen tafiya.

Iyayenmu kuma, don Allah ku daina ɓoyewa. Suga ba abin kunya ba ne, ba sammu ba ne. Tsohon shugaban ƙasa Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya haura shekara 30 da ciwon, ga shi yana yawonsa. Ko mutum ɗaya ne a ɗakinku, ka gaya masa, ka nuna masa inda maganinka yake da abin da zai yi idan ka faɗi. Masu tallan maganin gargajiya da lasifika suna cewa kwalba ɗaya ta raba ka da suga har abada, ka riƙe kuɗinka. Ciwon lallaɓa shi ake yi, kuma wanda ya ajiye maganin asibiti don ya ji sauƙi, hanyar da Baba ya bi ya ɗauka.

Ranar 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon suga ta duniya, ranar haihuwar Frederick Banting, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921. Asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi gwaji kyauta a lokacin. Idan ka haura shekara 40, ko kana da ƙiba, ko akwai mai suga a danginku, je ka miƙa yatsa. Ka ja maigidanka ku tafi tare.

Baba ya koma kasuwa, amma Lambata kawai yake zuwa yanzu, ni nake raka shanu kudu. Kullum bayan sallar isha'i, in ina gida, nakan ɗauki tocila in duba ƙafarsa yatsa bayan yatsa. Da farko faɗa yake yi, yana cewa na mayar da shi yaro. Yanzu da kansa yake miƙo ƙafar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na kudu, Ya saka wa masu jinya da alheri.