Janaretonka da Mai Hawa Falwaya

Tun zamanin dumsor, wajen 2015, wasu magidanta a Tamale suka koyi mugun hali. Da an ɗauke wuta sai a tayar da janareto, a cusa wayarsa cikin soket ɗin bango, babu makunnin sauya layi, wai tsada. Malam, wutar nan ba a falonka take tsayawa ba! Tana bin waya ta fita, taransifoma ta ɗaga volt 230 zuwa dubbai, alhali ma'aikacin NEDCo yana bisa falwaya a Sabonjida, ya sakankance layin a kashe yake. Dokar 2011 ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne zai haɗa wayar gida, kai kuwa ka kira yaron maƙwabci. Na faɗi haka a rediyo, wani ya bugo wai shekara biyar yana yi lafiya lau. To, ai shi ba ya hawa falwaya.