An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wa Ke Kashe Turbo a Garejojin Kaduna?

Akwai wata fatawa da ta zagaye garejojin garin nan, daga Kawo zuwa Kurmin Mashi, daga Unguwar Dosa zuwa Panteka: wai mota mai turbo ba ta ƙasarmu ba ce, zafinmu ya fi ƙarfinta. Dillali zai faɗa, bakanike ya gaskata, mai saye ya ɗauka ya kai majalisa, shi ke nan ta zama karatu. Mu dai ba mu yarda ba. Motocin nan suna yawo a Dubai da Riyad, inda zafin Afrilunmu bai kai ya ɗaga kai ba. Abin da ke cinye turbo a Kaduna yana cikin bokitin ruwan da ke gefen gareji, da filayar da ake datse tiyo da ita, da ƙafar direban da ke taka totur kafin ya kashe inji.

Bari mu fara da ita kanta turbo ɗin, tunda da yawan masu zaginta ba su taɓa leƙa cikinta ba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta farko, ta biyu kuma ta tura iska da ƙarfi cikin inji, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar nan tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta a injin fetur kuwa yana kaiwa digiri 900. Abin da ya raba sandar da ƙarfen da take juyawa a ciki, ɗan siririn man inji ne kawai.

Lokacin da mota ke gudu, man yana zagayawa, yana kwashe zafi. Haɗarin yana zuwa ne bayan an murɗa makulli an kashe. Famfon mai ya tsaya, amma ƙarfen gefen hayaƙi yana nan jawur, zafinsa na gangarowa tsakiya. Ɗan man da ya rage a wurin sai ya soyu, ya zama gawayi, ya toshe hanyar mai, ya riƙa gurzar sandar kullum kaɗan-kaɗan. Wata rana sai a ga shuɗin hayaƙi a salansa, a ji inji na kuka kamar jiniya. Saboda wannan ne masu ƙera motocin fetur suka zagaya tsakiyar turbo da hanyar ruwa daga lagireto. Ko inji ya tsaya, ruwan da ya yi zafi yana hawa sama, mai sanyi ya maye gurbinsa, zafin ya ci gaba da fita. Wasu motocin Jamus ma an sa musu ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da aiki bayan an kashe su. Wannan 'yar ƙarar da ake ji a ƙarƙashin bonet, wadda wasu ke kai mota a "gyara", ita ce ke ceton turbo.

To me ake yi wa wannan tsari a garejojinmu? Na farko, ruwa. Ana ɗebo na rijiyar burtsatse ko na leda a ɗura wa lagireto, a ce ai ruwa ruwa ne. Gaskiya ne zallan ruwa yana ɗaukar zafi sosai, ba mu musa ba. Amma duk mai shayin da ke bakin tashar Kawo ya san farin ɓawon da ke taruwa a gindin tukunyarsa. Shi ne ke taruwa a hanyar ruwan turbo, wadda faɗinta bai wuce ɗan yatsa ba. Ga tsatsa. Ga tafasa: a tudu irin na Kaduna, mai tsayin mita kusan 600 daga teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 98. Kulan na gaske da aka haɗa rabi da rabi, a ƙarƙashin murfin lagireto mai lafiya, yana haye digiri 120 bai tafasa ba, kuma yana ɗauke da maganin tsatsa. Ruwan da ya zama tururi a cikin turbo ba ya sanyaya komai.

Na biyu, tiyo. Idan hanyar ruwan turbo ta fara yoyo, maimakon a canza ta, sai a datse, a cusa ƙusa ko noti, a ɗaure da waya. Hujjar kuwa ita ce, ai ga tireloli can a Mando, turbo ɗinsu ba ruwa, kuma suna zuwa Legas su dawo. Wannan kwatancin gurgu ne. Hayaƙin dizal bai kai na fetur zafi ba, shi ya sa manyan motoci da yawa mai kaɗai ya ishe su. Wanda ya auna ƙaramar Mercedes da ma'aunin DAF ya yi wa mai ita ta'adi, ko da da kyakkyawar niyya.

Na uku, tamostat. Motar Kwatano ba ta kwana uku a gari sai an zare mata shi, an haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Injin zamani an gina shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan ya kasa kaiwa nan, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya zarce ya tsinka man inji, man da turbo ta dogara da shi. Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, wane ne cikinmu ke da fetur ɗin zubarwa? Bakanike zai ce tamostat yana maƙalewa ya sa mota ta tafasa. Haka ne, yana yi. Maganinsa a sa sabo. Ba a cire haƙora duka don ɗaya ya yi kogo.

Na huɗu yana hannun direba: a taho a guje daga Zariya, a tsaya ƙofar gida a Malali, a ba ta wuta sau biyu, a kashe. Al'ada ce ta zamanin kabureta. A mota mai turbo, ma'anarta a hanzarta fankar sannan a yanke mata mai. Minti ɗaya ko biyu na sulo bayan doguwar tafiya ba ya cin kuɗin da ya kai na pure ɗin shayi.

Mun san daga ina waɗannan ɗabi'u suka fito. Garin nan garin Fijo ne. Tun 1975 da masana'antar PAN ta fara harhaɗa 504 a Kakuri, iyayen gidan garejojinmu a jikinta suka koyi aiki. Mota ce mai haƙuri, ka ba ta ruwan rafi ta sha, ka ɗaure ta da roba ta kai ka Funtuwa. Ilimin da suka gada na gaske ne, ya riƙe gidaje, ya yaye dubban yara. Sai dai injin ya canza, karatun bai canza ba.

Gudun turbo kuma ba mafita ba ne, don hanyar gudun tana rufewa. Honda Accord, wadda arewa ta yi wa laƙabi iri-iri saboda ƙauna, ta ajiye injin V6 a samfurin 2018 ta koma turbo. Land Cruiser ta 2021 ta ajiye V8. Highlander ta 2023 ma ta koma turbo. Abin da Amurka da Turai ke hawa yau, shi zai sauka a wuraren dillalanmu nan da 'yan shekaru. Garejin da bai iya turbo ba, yaransa za su tashi da sana'ar da ba ta da kasuwa.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai motar da ya ƙirga miliyoyi ya saya, sannan ya tsaya ciniki a kan galan ɗin kulan, shi ya koya wa bakanike yin dabara. Ɗan kasuwar da ke zuba kala a ruwa ya liƙa takarda ya ce kulan ne, shi ya sa mutane suka yanke ƙauna da na gasken. Wannan aikin hukumar SON ne, ta shiga kasuwar kayan gyara ta duba abin da ke cikin galan.

Sauran maganin yana kusa da mu fiye da kowane gari. Hedikwatar NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da aka kafa a 1977, tana nan Kaduna. Kwalejin Kaduna Polytechnic maƙwabciyar tsohuwar Panteka ce. Ƙungiyar makanikai ta NATA tana da mambobi a unguwanninmu. Me zai hana a shirya gajeren horo da Hausa, na mako ɗaya ko biyu, a kan tsarin sanyaya injin zamani, a yanka tsohuwar turbo gida biyu a ajiye a kan tebur kowane yaron gareji ya ga hanyar ruwa da ta mai da idonsa? Wanda ya ga gawayin da ke ciki sau ɗaya, ba zai ƙara cusa ƙusa a tiyo ba.

Kafin nan, duk mai mota yana da haƙƙin tambayoyi uku kafin ya miƙa makulli: Malam, wane ruwa za ka zuba? Tamostat ɗina yana ciki? Tiyon turbo a haɗe yake? Bakaniken kirki zai buɗe bonet ya nuna maka. Wanda ya ce "Alhaji, bar mana aikinmu," karɓi makullinka ka yi gaba.